Kwana uku a Dubai da iyali: ta ina za a fara, me za a bari?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san Dubai ciki da bai. In Allah ya yarda za mu sauka ranar Alhamis da asuba cikin watan Nuwamba, ni da maiɗakina da yara biyu, ɗaya shekara 9 ɗaya 4, mu tashi ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe. Buɗe ido ne ya kai mu, sai ɗan zinari da uwargida take son saya. Wace unguwa ta fi dacewa mu sauka? Tasi za mu riƙa shiga ko jirgin ƙasa? Wane bakin teku ne mace mai sutura da yara za su sake a cikinsa? Sannan mene ne baƙo yake yi cikin rashin sani ya jawo wa kansa tara ko ɓata lokaci? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Deira:

Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Abin da za ka fara riƙewa shi ne Dubai ba dunƙulallen gari ba ne. A miƙe yake a gefen teku kamar igiya, titin Sheikh Zayed da jan layin jirgin Metro suna binsa daga wannan kai zuwa wancan. Daga filin jirgi zuwa unguwar Marina ya haura kilomita 30, a jirgin ƙasa kusan awa guda ne. Wanda ya ce zai ga kasuwar zinari da safe, ya je Marina da rana, ya dawo Burj Khalifa da yamma, rabin wuninsa a hanya zai ƙare, yara kuma su gaji tun ba a ga komai ba. Ka raba garin uku, kowace rana ka ɗauki ɓangare ɗaya: tsohon gari, wato Deira da Bur Dubai, tsakiya, inda Burj Khalifa da Dubai Mall suke, sai gaɓar teku daga Jumeirah zuwa Marina.

Masauki ka nema kusa da tashar Union ko BurJuman ko Al Rigga. A Union da BurJuman ne jan layi da koren layi suke haɗuwa, ga su kusa da filin jirgi, ga abinci mai sauƙi a ƙafa. Mai yara ya fi jin daɗin irin otal ɗin nan mai falo da kicin da injin wanki, suna da yawa a Al Rigga da Mankhool. Wajen kama ɗaki a intanet ka rubuta manya biyu, yara biyu da shekarunsu, don kowane ɗaki da adadin mutanen da aka yarda su kwana a ciki. In ka rubuta mutum biyu kawai, a gaban kanta za a ce sai ka ƙara ɗaki ko gado. Ka kuma karanta abin da baƙi suka rubuta a kan otal ɗin, saboda wasu a Bur Dubai da Deira suna da gidan rawa a ƙasa, kiɗa har tsakar dare.

Farashin da ka gani a shafi ba lallai shi ne na ƙarshe ba. Akwai kuɗin hidima da na hukumar birni da harajin VAT na kashi 5 cikin ɗari, waɗanda wani shafin yake haɗawa wani ya ware. Akwai kuma kuɗin yawon buɗe ido, dirhami 7 zuwa 20 kowane ɗaki kowane dare gwargwadon darajar otal, wanda galibi a kanta ake karɓa. Da yawa suna riƙe kuɗin jingina su mayar ranar fita. Tunda da asuba za ku sauka, ka sani sai ƙarfe biyu ko uku na rana ake ba da ɗaki. Ko dai ka biya daren Laraba ka rubuta musu cewa da asuba za ka iso, don kada su ɗauka ba ka zo ba su soke, ko ku ajiye jakunkuna a wurinsu ku fita karyawa. Da yaro ɗan shekara 4 da ya kwana a jirgi, biyan daren ya fi.

Daga filin jirgi, jan layi yana tsayawa a Terminal 1 da Terminal 3, ban da Terminal 2. Amma da jakunkunan mutum huɗu tasi ya fi sauƙi. Ka bi alama zuwa layin tasi na hukuma, mita tana farawa daga dirhami 25. Kada ka bi wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa yana da mota.

Bayan kun huta sai ka sayi katin Nol mai ruwan azurfa, wato katin biyan kuɗin jirgin ƙasa da bas, a tasha: dirhami 25 ne, 19 daga ciki kuɗin hawa ne. Kowa da nasa, ba a shiga mutum biyu da kati ɗaya. Yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta ne, don haka kati uku za ka saya. Wajen biyan kuɗin hawa an raba garin shiyya-shiyya: tafiya cikin shiyya ɗaya dirhami 3, shiyya biyu 5, fiye da haka 7.5, kuma ƙofa ba za ta buɗe ba in abin da ke katin bai kai 7.5 ba. Ka dangwala katin wajen shiga, ka dangwala wajen fita. A bas da ƙaramin jirgin kan titi (tram) na Marina nan ne ake yawan mantawa da na fita tunda babu ƙofar da za ta tare mutum, sai a cire masa kuɗin tafiya mafi tsawo. A cikin jirgi ba a ci, ba a sha, har cingam, tarar dirhami 100 ce. Akwai taragon mata da yara, an ja masa layi mai ruwan hoda a ƙasa. Namiji ya tsaya a ciki 100 ne. Akwai taragon masu katin Nol mai ruwan zinari a ƙarshen jirgi, shi ma 100 ga wanda ya shiga da katin azurfa. Daga biyar zuwa takwas na yamma a ranakun aiki jirgin cika yake maƙil, titi ma haka, ku guje wa tafiya mai nisa a lokacin.

Ranar Alhamis da la'asar ku sauka tashar Sharaf DG ko Al Ghubaiba a koren layi, ku shiga unguwar Al Fahidi, inda tsofaffin gidaje masu hasumiyar kama iska suke, irin dabarar da ake sanyaya ɗaki kafin zuwan lantarki. Daga nan ku ratsa kasuwar yadi zuwa bakin ruwa, ku hau kwale-kwalen katako da ake kira abra. Dirhami 1 ne kowane mutum, direba yake bi ya karɓa a hannu bayan an zauna, don haka ka tanadi tsabar kuɗi. Minti biyar ne zuwa Deira, kuma babu shinge a gefensa, ka sa ƙaramin a tsakaninku. A wannan mashigin ruwa garin ya yi arzikinsa na farko: tsohon sarkin Dubai, Sheikh Rashid bin Saeed, ya sa aka yashe shi tun kafin a gano mai a 1966, har yau kuma za ka ga jiragen katako a gefen Deira ana loda musu firji da tayoyi da kwalaye. Wanda bai ga wannan ba ya ga gine-gine ne kawai.

Maman Sultana:

Sannu da ƙoƙari Ɗan Deira. Baban Ilham, ka gaishe da uwargida, wannan amsar tata ce.

Nuwamba lokaci ne mai kyau: da rana wajen digiri 30, da dare wajen 20, ruwan teku da ɗumi-ɗumi. Ba kamar Yuli da Agusta ba, da zafi yake haura 40, rairayi ya ƙona tafin ƙafa. Duk da haka ku je da sassafe, daga bakwai zuwa goma da rabi. Rana ba ta yi ƙarfi ba, mutane ba su cika ba, kuma masu kwanciya shan rana ba su fito sosai ba. Rana tana faɗuwa wajen biyar da rabi a wannan watan, wanda ya ce sai ya yi la'asar a otal sannan ya kama hanya, duhu zai tarar.

Gaskiyar magana, a kowane bakin teku na jama'a za ku ga kowace irin shiga, tunda kusan tara cikin goma na mazauna garin baƙi ne daga ƙasashe wajen 200. Za ki ga mai abaya zaune kusa da mai kayan wanka na Turawa, ba mai kallon wani. Bambancin wurare dai akwai shi. JBR da ke Marina ya fi cunkoso da 'yan yawon buɗe ido, ku bar shi sai da daddare don zagayawa da cin abinci. Al Mamzar, can gefen iyaka da Sharjah, shi ya fi dacewa da iyali: lambu ne mai ciyawa da inuwa da wurin wasan yara, ruwansa a kwance, akwai banɗaki da wurin sauya kaya, shiga dirhami 5 kowane mutum kuma da katin Nol ake biya, don haka ku bar kuɗi a ciki. Litinin da Laraba na mata da ƙananan yara ne kaɗai, sai dai ba su faɗo cikin kwanakinku ba. Daga Deira tasi ne na ɗan lokaci kaɗan. In kuma hoto da shahararren otal ɗin nan Burj Al Arab kuke so, sai Umm Suqeim ko Kite Beach. Jirgin ƙasa ba ya kai wa can. A sauka Mall of the Emirates a ɗauki tasi.

Kayan wanka masu rufe jiki duka an yarda da su, ana kuma sayar da su a manyan kantuna. Kada a shiga ruwa mai zurfi da abaya ko dogon hijabi: yadin yana shan ruwa ya yi nauyi ya naɗe ƙafa. Ku dubi tuta kafin kowa ya jiƙa ƙafarsa. Ja, ba shiga. Rawaya, a yi hattara. Shunayya, akwai halittun ruwa masu harbi. Ku zauna daf da hasumiyar masu ceto. In igiyar ruwa ta ja mutum ciki, kada ya yi ta kokawar komawa gaɓa kai tsaye, ƙarfinsa ne zai ƙare. Ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga jan, yana ɗaga hannu. Bayan faɗuwar rana ba a wanka sai a wuraren da aka keɓe aka sa musu fitilu, irin na Jumeirah 2 da Jumeirah 3 da Umm Suqeim 1. Ana barin rairayi kuma a sa sutura, ba a shiga kanti ko tasi da kayan wanka.

Abinci ba abin damuwa ba ne. Naman da ake sayarwa halal ne, na alade yana wani sashe daban a wasu manyan kantuna an rubuta cewa na waɗanda ba Musulmi ba ne. Kowane babban kanti yana da masallacin maza da na mata da wurin alwala. Tasi mai rufi ruwan hoda mace ce take tuƙawa, na mata da iyali ne.

Tsarin da zan ba ku: Asabar teku da safe, barci da rana, Marina da daddare. Amma Juma'a kada ku bar Burj Khalifa sai yamma. Tun 2022 hutun mako ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin wuni ake aiki a ma'aikatun gwamnati, don haka daga la'asar ɗin Juma'a duk gari Dubai Mall yake nufa. Ku sayi tikiti a intanet tun kafin ku taso, ku zaɓi safiya. Tikitin na lokaci ne ƙayyadadde, na faɗuwar rana ya fi tsada ya fi layi. Hawa na 124 da 125 sun isa, ba sai an biya na 148 ba. Ginin mita 828 ne, daga 124 ma motoci sun zama ƙanana. Ƙofar shiga tana can ƙasan Dubai Mall, kuma daga tashar jirgi akwai gada mai rufi ta fiye da mita 800 kafin ma a shiga kantin. Ku ware minti 30 daga sauka jirgi zuwa ƙofar, ku ɗauki keken tura yaro. Maigida ya kama hanyar masallaci tun sha biyu. Ruwan nan mai rawa da ke gaban ginin yana farawa ƙarfe shida na yamma, duk bayan rabin awa, kallo kyauta. Ku ga na farko ko na biyu ku fice kafin layin tasi ya yi tsawo.

Alhajin Al Ras:

Batun zinari, Malam, lissafi ne, ba ciniki irin na yadi ba. Kuɗin kowane abu kashi uku ne: nauyi sau farashin giram na ranar, sai kuɗin ƙira, sai haraji kashi 5. Farashin giram ɗaya ne a duk kasuwar, yana rubuce a allunan lantarki a bakin kasuwa da cikin shaguna, yana motsi da kasuwar duniya. Wannan ba a taya shi. Kuɗin ƙira kaɗai ake ciniki a kai. A ce, don misali kawai, giram yana dirhami 400, sarƙa kuma giram 20: zinari 8,000 ke nan. In kuɗin ƙira kashi 10 ne, 800, sun zama 8,800, haraji 440, jimla 9,240. Wanda ya tambayi "nawa ne wannan" aka faɗa masa dunƙulallen kuɗi bai san inda aka ɗora masa ba. Hajiya ta ce a auna a gabanta, a rubuta giram nawa, farashin yau nawa, ƙira nawa, sannan ta zaga shago uku da takardar kafin ta biya.

Ta juya abin ta nemi hatimi: 916 karat 22 ne, 875 karat 21, 750 karat 18. Mai duwatsu a tambaya ko an cire nauyin dutsen, don in ba a cire ba an sayi gilashi da kuɗin zinari, ranar sayarwa kuma ba mai biyansa. Wanda yake so don ajiya ya ɗauki mai sauƙin ƙira, saboda kuɗin ƙira ba ya dawowa. Rasit ya nuna karat da nauyi da farashin giram. Hukumar birni tana duba shagunan, matsala ba ta cika fitowa daga cikin shago ba. Masu tare mutum a lungu suna kiran agogo da jaka su ne abin gudu, kayan jabu ne, kada a bi su bene.

Tashar Al Ras ko Gold Souq a koren layi za ku sauka. Wasu shagunan suna rufewa da azahar sai la'asar, ranar Juma'a kuma da yawa sai yamma, don haka daren Alhamis bayan kun tsallako da abra shi ne lokacinku. Ku tafi da fasfo: da shi ne shago zai shigar da sayayyar cikin tsarin mayar wa baƙi haraji, wanda kamfanin Planet yake gudanarwa, in ta kai dirhami 250 kuma shagon yana cikin tsarin. Canjin kuɗi a cikin gari ya fi na filin jirgi. Dala ɗaya dirhami 3.67 ce, an ɗaure su tare shekara da shekaru, don haka duk wanda ya ba ka ƙasa da haka sosai ka wuce. In da kati za ka biya, na'ura ta tambaye ka wane kuɗi, ka zaɓi dirhami.

Malam Na Karama:

Abin da ya rage shi ne wanda ba a so a ji, amma shi ya fi ɓata tafiya. Magani da farko. Tramadol da duk mai ɗauke da kodin da wasu magungunan barci suna cikin waɗanda aka taƙaita. Mai shan su bisa umarnin likita ya riƙe takardar likita, ya nemi izinin ma'aikatar lafiyarsu ta intanet kafin ya taso, ya bar maganin a kwalinsa na asali. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko na ɗan'uwa ne, sai ka buɗe ka gani. Kuɗi ko zinari da ya haura dirhami 60,000 sai an bayyana wa kwastan. Fasfo ya kasance da sauran wata shida, biza kuma a hannu kafin a hau jirgi, ka duba ranar ƙarewarta, don kowace rana da aka ƙara tara ce.

Ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne a dokarsu, balle mata da yara, balle a ɗora a Facebook ko TikTok. A bakin teku wannan ya fi faruwa: ana ɗaukar yara, wata ta fito a baya. Ka juya kyamara wajen ruwa. Gine-ginen gwamnati da na tsaro da wurin hatsarin mota ma a bar su. Zagi da nuni da yatsa, ko a saƙon waya ne, suna kai mutum gaban 'yan sanda. Tsallaka titi ba a wurin tsallakawa ba tarar tana farawa daga dirhami 400, kuma a Deira, inda kasuwa take tsallaken hanya, nan ne mutum yake jarabtuwa. Kiran murya da na bidiyo a WhatsApp ba ya tafiya, saƙo ne kawai. Ku sauke manhajar kira ta Botim ku da mutanen gida tun kafin tafiya. Lambar 'yan sanda 999, motar asibiti 998.

Za a yi ta tallata muku fita sahara. Ana ɗaukar mutum wajen uku na rana a dawo da shi wajen tara na dare, motar tana hawa tudun rairayi tana gangarowa da gudu. Ga ɗan shekara 4, ko mai ciki, ko mai ciwon baya, bai dace ba, kuma a sansanin da ake kai mutane akwai raye-rayen da ba kowane mai iyali zai so ba. Abu Dhabi ma, duk da kyan masallacin Sheikh Zayed, fiye da kilomita 130 ne, wuni guda zai ci. A kwana uku ba wurinsu. In Juma'a da rana akwai sauran ƙarfi, Dubai Frame da ke lambun Zabeel ya fi kusa: mita 150, ta gefe ɗaya tsohon gari, ta ɗaya sabo, ƙasan gadar gilashi ne, yara suna sonsa.

Baban Ilham:

Allah ya saka muku, na rubuta duka. Saura ɗaya: ranar Lahadi jirgin ƙasa za mu bi zuwa filin jirgi tunda muna kusa?

Ɗan Deira:

A'a, Malam. Ranar Lahadi Metro ba ya buɗewa sai takwas na safe, sauran ranaku ne yake farawa da biyar. Jirginku na goma ne, ya kamata bakwai ta yi muku a filin, a riga hakan da minti 30 saboda karɓo harajin zinari. Ka sa otal su kira tasi shida da kwata, ko ka kira ta manhajar Careem. Ka duba tikiti ka tabbatar da lambar Terminal, don 2 tana ɗaya gefen filin, ba a zuwa da ƙafa daga 1 ko 3, sannan ka tabbata DXB aka rubuta, wato babban filin jirgin da ke kusa da ku, ba DWC ba, filin jirgi na biyu da yake can Jebel Ali. Kuna shiga ku nemi na'urar Planet kafin ku ba da jakunkuna a awo: a sa fasfo da takardar shiga jirgi, zinarin da rasit suna jakar hannu, don ana iya cewa a nuna su. Ba duka harajin ake mayarwa ba, suna cire nasu kaso, kuma in aka riga aka wuce da kayan cikin babbar jaka aka nemi gani babu, kuɗin ya tafi.